Zaɓen Risho Domin Girki a Gona Lokacin Haƙar Doya

A yankin Garatu, kan hanyar Minna zuwa Bida a Ƙaramar Hukumar Bosso, haƙar doya ta ƙarshe takan faɗo ne cikin hunturu. Manomin da gonarsa ke nesa da gida yakan kafa bukka ya yi kwanaki tare da 'yan ƙwadago, kuma dole a dafa musu abinci. Hura itace a fili a wannan lokaci, ga busasshiyar ciyawa ga iska, shi ne mafarin gobarar da kan cinye rumbun doya da amfanin shekara guda. Saboda haka wasu ke tafiya da risho. Sai dai ba kowane risho ne ya dace da gona ba.

Risho mai lagwani shi ne wanda kowa ya sani. Yana da araha, ba shi da wuyar sarrafawa, kuma ana samun lagwaninsa a kasuwannin ƙauye. Rauninsa iska ce. Da zarar ta kaɗa, sai harshen wutar ya karkace ya koma ja, gindin tukunya ya yi baƙi, kananzir na ƙonewa amma doya ba ta nuna ba. Wanda zai yi aiki da shi a gona ya ajiye shi a shimfiɗaɗɗen wuri, ya kare shi da guntun kwano ta ɓangaren da iska ke fitowa. Kada a kare shi da zana ko buhu. A riƙa datse kan lagwanin daidai wa daida har wutar ta zama shuɗiya.

Risho mai famfo, irin Primus da aka fara ƙerawa a ƙasar Suwidin a 1892, ba shi da lagwani. Ana buga iska cikin tankinsa, man ya hau ta bututun da aka riga aka zafafa, ya zama tururi, ya fito ta ɗan ƙaramin rami ya kama da ƙugi. Wutarsa ta fi ƙarfi, ta fi jure iska, kuma ta fi saurin tafasa babbar tukunya. A ganinmu, mai ciyar da ma'aikata da yawa wannan ya fi masa. Amma yana son kulawa: datti kaɗan a cikin mai kan toshe ramin, fatar famfon kuma takan bushe ta daina riƙe iska. A tace man da tsumma mai tsabta, a tafi da allurar tsokace ramin da fatar canji. Wanda ya manta allura a gida, ranar sai gasasshiyar doya.

Akwai kuma risho mai aiki da itanol, wanda ake samu daga rogo ko rake. Ba ya hayaƙi, amma zafinsa bai kai na kananzir ba, da rana da ƙyar ake ganin wutarsa, kuma samun mansa a ƙauye aiki ne.

Babban haɗarin yana cikin man da aka zuba. Kananzir mai kyau ba ya fitar da tururi mai kamawa sai zafinsa ya kai wajen digiri 38 a ma'aunin Salshiyos, shi kuwa fetur yana fitar da shi ko da sanyin asuba. Idan aka gauraya su, tanki kan fashe da an kusanto da ashana, kamar yadda ya faru a Legas a 2001, inda mutane da dama suka ƙone. Tun da gwamnati ta janye tallafin kananzir a 2016 farashinsa ya yi ta hawa, har ya wuce na fetur, wanda hakan ke ƙara wa marasa tsoron Allah kwaɗayin gaurayawa. Malaman gona su nuna wa manoma gwaji mai sauƙi: a ɗiga ɗan man a murfin gwangwani, a kai shi fili nesa da jarka, a miƙa masa wuta da dogon kara. Idan ya kama nan take da ƙarfi, akwai fetur a ciki, kada a yi amfani da shi ko a fitila.

Kada a ƙara mai risho na ci ko yana da zafi. Mai famfo a saki iskarsa kafin a buɗe murfin tanki. Kada a yi girki cikin rufaffiyar bukka, domin iskar da wutar ke fitarwa tana iya kashe mai barci ba tare da ya ji wari ba. Kananzir kuma kada a ajiye shi a gorar ruwan sha inda yara ke kaiwa, kuma a tanadi bokitin yashi kusa da wurin girki, domin ruwa yaɗa wutar mai yake yi.