Wa Ke Ƙirga Tsuntsayen Mozage da Ɗan Dutsi?

Masu yawon kallon tsuntsaye a Afirka ta Yamma wurare iri uku suka fi zuzutawa. Akwai kurmi mai duhu inda ruwan sama ba ya yankewa, irin dajin Oban na jihar Kuros Riba da na Okomu a jihar Edo. Akwai dazuzzukan bakin teku, inda itatuwa ke tsaye a kan dogayen saiwoyi cikin ruwan gishiri, kamar na Neja Delta da na bakin kogin Gambiya. Sai tsaunuka masu sanyi da hazo: Obudu, da dajin Ngel Nyaki a kan tsaunin Mambila, da Gashaka Gumti inda dutsen Chappal Waddi, mafi tsawo a Najeriya, ya kai mita 2,419. Abin da ke jan mutane can shi ne tsuntsun da ba a samunsa ko'ina sai nan. A Kuros Riba akwai wani mai sanƙo, kansa ja da shuɗi, wanda ke gina sheƙar laka a jikin dutse cikin kurmi, mutum zai biya kuɗin jirgi daga Ingila ya yini a tsugune cikin sauro don ya gan shi na minti biyu. Idan manomi a Bazaga ko Malbaza, a jihar Tawa ta Nijar, ya ji wannan labari, ba laifinsa ba ne in ya ce abin na masu kurmi ne da masu kuɗi, mu nan sai ƙaya da rairayi.

Sai dai lissafin masana ya saɓa wa wannan zato. A shekarar 2001 ƙungiyar BirdLife ta fitar da jerin wuraren da suka fi muhimmanci ga tsuntsaye a Afirka, Nijar ta samu 15, kuma a cikinsu akwai madatsar ruwa ta Mozage, da ta Cerasa, da tabkin Ɗan Dutsi, duka a jihar Tawa. Biyun farko ma ba don tsuntsu aka yi su ba. Hannun mutum ne ya tare ruwan kogin Majiya don a shayar da gandun noman rani na Birnin Ƙonni, mai faɗin sama da hekta 2,400, tsuntsaye suka ga ruwa suka sauka. A 2005 kuma aka sa Ɗan Dutsi da tabkin Tabalak cikin wuraren da yarjejeniyar Ramsar ke karewa, wadda aka ƙulla a 1971 a wani gari mai wannan suna a Iran. Duk wanda ya tsaya bakin irin waɗannan ruwaye da marece a lokacin ɗari ya san abin da ake magana. Balbelu na komowa kwana ayari bayan ayari har itatuwan bakin ruwa su yi fari fat, kirinjijiya na fito a sama, zalɓe na tsaye shiru a gefe yana jiran kifi, dinya na kiwo can nesa inda harsashi ba ya kaiwa. A tsakaninsu akwai ƙananan agwagin daji da masu dogayen ƙafafu da ke caccakar laka, waɗanda aka ƙyanƙyashe su a Turai da Rasha.

Waɗannan baƙi su ne suka ɗaure tabkunanmu da kurmin kudu. Tsuntsun da ya baro Turai a watan Satumba sai ya ƙetare tekun Bahar Rum, sannan ya ratsa Sahara, tafiyar da ta kai kilomita 1,500 ko fiye ba ruwa ba ganye. Ruwan farko da zai tarar bayan hamada shi ne na Sahel. Wasu a nan suke zama har bazara, wasu su huta su yi ƙiba su zarce kudu. Tsattsewar da ake zuwa kallo a Boje ta Kuros Riba, inda take kwana cikin ciyawa dubbai bisa dubbai, ta saman Sahel take bi zuwa da dawowa. Turawa sun daɗe ba su san inda tsuntsayensu ke ɓacewa da sanyi ba, har a 1822 aka harbo wani farin tsuntsu dangin shamuwa kusa da garin Klütz a Jamus, da guntun mashin Afirka a soke a wuyansa. Hujjar da ta fi wannan nauyi ta zo a 1969. A wannan shekara masu ƙirga tsuntsaye a Ingila suka ga wani ɗan tsuntsu mai farin maƙogwaro, da suka saba gani a kowane shinge, ya ragu da fiye da kashi biyu cikin uku. Da aka bi sawu sai aka gano farin da ya fara a Sahel a 1968 ne ya kashe shi. Wato mutanen Ingila sun ga alamar bala'in da ke tafe mana a cikin littafin ƙirgarsu, shekaru kafin yunwar 1973 ta sa duniya ta waiwayo mu.

Abin da nake so a ɗauka daga nan shi ne, tsuntsu ma'auni ne, kuma wanda ya fi kowa buƙatar wannan ma'auni shi ne mai shan ruwan. Kowane iri yana da abin da yake nema. Mai cin kifi ba ya zama inda kifi ya ƙare. Agwagwa mai nutso tana son zurfi, mai caccakar laka yana son gaɓa mai faɗi. Idan a cikin shekaru goma masu nutso suka ragu a Mozage, masu tafiya a laka suka yawaita, to baraji, wato madatsar ruwan, yana cikewa da ƙasar da ruwa ke kwasowa daga tuddan Adar, kuma manomin da ke jiran ruwa a gandun Ƙonni shi zai fara ji a jikinsa. Matsalar zaizayar ƙasa a kwarin Majiya ba sabuwa ba ce, ita ta sa tun 1975 aka shiga dasa layukan dogon yaro don kare iska. Majiyar nan kuma ba a Nijar take tsayawa ba, tana tsallaka iyaka ta ƙare a tabkin Kalmalo kusa da Illela ta jihar Sakkwato, saboda haka abin da ya samu ruwan a sama yana isa ga mutanen ƙasa. Auna zurfin baraji da na'ura aiki ne mai tsada da ake yi jefi-jefi, in an samu kuɗin wani shiri. Ƙirga tsuntsaye ido yake buƙata da littafi da alƙalami.

Ƙorafi na farko da za a yi mai ƙarfi ne, bai kamata a raina shi ba: tsuntsu abokin gabar manomi ne. Wanda ya taɓa ganin garken jan-baki ya sauka a gonar hatsi ko dawa ana saura kwana kaɗan a girbe, yara na kaɗa gwangwani tun asuba har muryarsu ta dushe, ba zai so a yi masa wa'azin son tsuntsu ba. An ƙiyasta cewa garke mai tsuntsu miliyan biyu yana iya cinye tan 20 na hatsi a yini guda. Amma wannan ɓarna ta nau'i kaɗan ce a cikin nau'o'i sama da 500 da aka tabbatar a Nijar. Shamuwa fara take ci, balbela ma haka, mujiyar da ake jifa da sunan maita ɓeraye take kamawa a gindin rumbu. Kuma shi kansa yaƙin jan-baki sai da sani ake cinsa. Wanda ya san inda yake kwana da inda yake sheƙa zai kai ma'aikatan gona daidai wurin. In ba a sani ba sai a yi feshin guba a kan fadama gaba ɗaya, ta kashe mai laifi da marar laifi, ta kuma gangara cikin ruwan da masunta ke kamun kifi.

Na biyu za a ce ai baƙi masu kuɗi ba za su zo ba. Gaskiya ne. Tun harin da aka kai a Kure a watan Agusta na 2020, inda aka kashe mutum takwas a wurin kallon raƙuman dawa, yawon buɗe ido a Nijar ya durƙushe, kuma halin da iyakar Sakkwato ke ciki ba ya buƙatar bayani. Duk wanda ya yi wa mutanen Bazaga alkawarin otal da daloli saboda tsuntsu yaudararsu yake yi. Gambiya tana cin wannan kasuwa, mu ba yanzu ba. Hujjata ba ta dogara da zuwan kowa ba.

Na uku shi ne wanda aka fi faɗa da dariya: wannan aikin nasara ne, aikin wanda ya ƙoshi. To amma wa ya kai Bahaushe kallon tsuntsu? Manomi na duban isowar shamuwa ya san damina ta kusa, ya fara gyaran gona. Tana yin sheƙa a kan itacen tsakar gari ba mai taɓa ta, ta yi 'ya'ya, in kaka ta yi ta tafi gabashi da kudancin Afirka. Maharbi ya san halin burtu har yana ɗaura kansa a goshi ya yi sanɗa da shi. Mai karatu kuma ya san Suratun Nahl da Suratul Mulk duk sun ja hankalin mutum ga tsuntsayen da ke shawagi a sama. Sanin yana nan, rubutawa ce babu, kuma rashin rubutun ya riga ya yi mana asara. Dattawa sun shaida cewa a da ba a yanka dabba a mahauta ba tare da angulu ta cika wurin ba. Yau sai a yi wata ba a ga ko ɗaya ba. Guba da ake sa wa mushe, da masu sayen kanta da ƙafafunta don magani, sun kusa ƙarar da ita, har a 2015 aka sa ta cikin tsuntsayen da ke gab da ɓacewa a duniya. Ba wanda zai iya cewa a wace shekara ta fara raguwa a kasuwar Ƙonni ko ta Illela, domin ba wanda ya rubuta. A Indiya, inda wani maganin dabbobi mai suna diclofenac ya kashe fiye da kashi 95 cikin 100 na angulayensu daga shekarun 1990, ƙirga ce ta tona asirin, aka hana maganin a 2006. Kafin nan mushe ya taru, karnukan sake sun yawaita, cizon mahaukacin kare ya ƙaru. Gauraka ma, da a da ake ganinta a fadamun ƙasar Hausa, ta zama abin labari a wurare da yawa.

Hanyar farawa a buɗe take. Tun 1967 ake yin ƙirgar tsuntsayen ruwa ta duniya a tsakiyar watan Janairu, kuma Nijar na cikin ƙasashen da ke shiga, sai dai yawanci masu ƙirgar kan zo ne su yi yini guda su koma. Mai zuwa yini guda a shekara abin da ya tarar kawai yake gani, masunci kuwa kullum yana kan ruwan. Da ɗan gari akan ci gari. A Najeriya cibiyar binciken tsuntsaye ta APLORI da ke dajin Amurum kusa da Jos ta nuna cewa abin yana yiwuwa, ta horar da matasa, ciki har da na Arewa, suna shigar da abin da suka gani ta wayar salula cikin taswirar tsuntsayen ƙasar.

A nan ba sai an kai ga haka ba tukuna. Malamin lakwal ɗaya a kowane ƙauyen bakin ruwa, da masunta biyu ko uku da suka san sunayen tsuntsayen, su fita rana guda a kowane wata, a wuri guda, a lokaci guda, su rubuta iri da adadi da inda ruwa ya tsaya. Nau'i goma da kowa ya sani sun isa a fara da su. Inda irin wannan aiki yakan mutu shi ne wurin ajiya, a canza wa malami gari littafin ya bi shi. Shi ya sa ya fi dacewa ya zauna a hannun ƙungiyoyin manoman gandun Ƙonni, tunda su ne ke biyan kuɗin ruwa, a riƙa aika kwafi ga ma'aikatar gandun daji da hukumar ONAHA mai kula da gandayen noman rani a ƙarshen kowane rani.