Kafin Ka Zargi Kwamfutarka Da Ɓata Maka Waƙa

Kwanakin baya wani ɗalibina mai rubuta kundin digiri na biyu a kan waƙoƙin fada ya kawo mini baitocin da ya saurara ya kuma rubuta. Ina cikin dubawa sai na tarar a wurare da dama ya rubuta "bari" inda makaɗin ya ce "ɓari", ya kuma sa "kara" a gurbin "ƙara". Yaron nan kuwa Bahaushe ne gaba da baya, kuma ba rago ba ne. Da na tambaye shi da me ya yi sauraren, sai ya nuna mini kwamfutarsa ta tafi-da-gidanka, ya ce, "Malam, an gaya mini ƙwayar sautinta ce ba ta da kyau, wai sai na sayi ta waje." Kuɗin da aka yanka masa kuwa ya fi ƙarfin aljihun ɗalibi.

Wannan zance na sha jin sa har daga bakin abokan aiki, shi ya sa na ga ya kamata mu zanta da mai karatu a kansa. Ƙwayar da ake magana a kanta, wadda masu gyara ke kira "aisi", wata 'yar na'ura ce da ba ta wuce girman farce ba. Aikinta shi ne mayar da lambobin da waƙa ke ajiye a cikinsu zuwa wutar da za ta girgiza lasifika. Faifan CD, wanda ya shigo kasuwa a 1982, yana ɗaukar awon sauti sau 44,100 a kowace daƙiƙa, abin da ya isa ya kama duk iyakar jin ɗan'adam, wato daga girgiza 20 zuwa 20,000 a daƙiƙa. A zamanin tsarin AC'97 da kamfanin Intel ya fitar a 1997, masu kuka da sautin kwamfuta suna da hujjarsu. Amma tun daga 2004 aka zo da sabon tsari mai iya ɗaukar awo har 192,000 a daƙiƙa, kuma ƙwayoyin da kamfanoni irin su Realtek na Taiwan ke ƙerawa sun daɗe da wuce abin da faifan CD ke bukata.

Ban yi wa ɗalibin doguwar lacca ba. Na ɗauko abin sauraro na kunne da nake aikin ilimin furuci da shi, na jona a wannan kwamfuta tasa, na ce ya sake saurare. Nan take ya ɗago kai yana murmushin kunya. Ƙwayar ba ta canja ba, abin da ya canja shi ne ƙofar da sautin ya fito.

A nan gizo ke saƙar. Lasifikar da ake cusawa a kwamfutar tafi-da-gidanka faɗinta bai wuce na tsabar kwabo ba, kuma sauti mai kauri yana bukatar a tura iska mai yawa. Saboda haka galibinsu ba sa iya fitar da abin kirki ƙasa da girgiza 150 zuwa 200. To, muryar namiji baligi gindinta yana tsakanin 85 da 180. Abin da ke ruɗin mutane shi ne, ƙwaƙwalwa takan ƙago wa kanta gindin muryar daga rassan sautin da ke sama, shi ya sa ma muke gane karin sauti a tsohuwar wayar tarho wadda ba ta wuce tsakanin 300 da 3,400. Sai mutum ya ɗauka ya ji komai, alhali rabi ya ji, rabi ya cike da zato. A hira ta yau da kullum wannan ba ya cutarwa. Amma a waƙar Narambaɗa, inda kotso ke tashi, 'yan amshi na karɓi, kalmomin kuma tsofaffi ne da ɗan zamani bai saba da su ba, zato ba ya fisshe ka. Kuntigin Ɗan Maraya Jos, da yake sautinsa siriri ne, yakan ɗan tsira. Kalangun Shata kuwa, wanda daɗinsa ke cikin yadda yake lanƙwasa murya yana sauka ƙasa, sai ya koma kamar ana buga gwangwani.

Ban ce ƙwayar ba ta da aibi ko kaɗan ba. Zaune take kusa da sauran kayan wuta, don haka a wasu kwamfutocin akan ji shuu ko zizar da ke ƙaruwa idan an jona caja, musamman cajar da ba ta asali ba a kan wutar janareta. Gwajin mai sauƙi ne: zare cajar ka saurara da batir. Haka nan wasu manyan abubuwan sauraro na kunne suna bukatar ƙarfin da ramin kwamfuta ba ya iya bayarwa. Mai irin wannan matsala, ko mai naɗar murya don bincike, shi ne ya cancanci sayen ta waje, kuma 'yar ƙaramar da ake jonawa a ramin USB takan wadatar.

Abin da ya fi damuna ma ba na'ura ba ne, waƙar ce kanta. Faifan CD yana zubo bayanai kilobit 1,411 a daƙiƙa, MP3 ɗin da aka saba da shi 128, wato an zubar da kusan kashi tara cikin goma. Idan sau ɗaya aka yi matsin daga asali mai kyau, kunne da wuya ya lura. Sai dai waƙoƙinmu na dauri sun biyo doguwar hanya: daga rediyo zuwa kaset, daga kaset zuwa wani kaset, daga nan zuwa wayar mai tura waƙoƙi a kasuwa, wani kuma ya kunna ya sake naɗa da wayarsa ya watsa a WhatsApp. Abin da ya zube a wannan tafiya babu ƙwayar da za ta dawo da shi, ko nawa aka saye ta.

Waƙoƙi biyu daga cikin na ɗalibin nawa haka suke, ko da abin kunnen ba mu iya rarrabe wasu baitocin ba. Sauran ya koma ya bi su ɗaya bayan ɗaya ya gyara. Waɗannan biyun kuwa na ce kada ya sa su a kundin sai ya samo tsohon kaset. An kwatanta masa wani dattijo a Gusau da ke da su a akwati, ranar Asabar zai hau mota.