Zaɓen Kwas da Jami'a ga Mai Sha'awar Aikin Lauya a Nijeriya

Gabatarwa

A kowace shekara dubban ɗaliban da suka kammala sakandare sukan nemi shiga jami'a domin karanta aikin lauya. Galibinsu abin da ya ja hankalinsu shi ne baƙar riga da martabar mai sanye da ita, amma kaɗan ne suka san matakan da ake bi kafin a kai ga sanya ta. Manufar wannan maƙala ita ce bayyana waɗannan matakai, da abubuwan da ya kamata ɗalibi ya auna kafin ya zaɓi kwas da jami'a, domin kuwa Hausawa sun ce tun ran gini ran zane.

Matakan Zama Lauya

Karatun lauya a Nijeriya hawa biyu ne. Hawa na farko shi ne digirin jami'a, wanda kan ɗauki shekara 5 ga wanda ya shiga ta jarrabawar hukumar JAMB, wadda aka kafa a 1978, ko kuma shekara 4 ga wanda aka ɗauka kai-tsaye zuwa aji biyu. Hawa na biyu shi ne Makarantar Horar da Lauyoyi, wadda aka kafa da dokar 1962, ta kuma fara aiki a Legas a 1963 da ɗalibai 8 kacal. A 1997 aka mayar da hedkwatarta Bwari, kusa da Abuja, tana kuma da rassa a wurare kamar Legas da Inugu da Yola da Bagauda ta Jihar Kano. A nan ne ake shafe kimanin shekara guda ana koyon aikin a aikace. Sai wanda ya ci jarrabawarta ake rantsarwa, a rubuta sunansa a rajistar Kotun Ƙoli. Watau dai digiri shi kaɗai ba ya ba mutum ikon tsayawa gaban alƙali da sunan lauya.

Shiri Tun Daga Sakandare

Abin da ake bukata shi ne kiredit a darussa 5, ciki har da Turanci da Adabin Turanci, jami'o'i da yawa kuma sukan ƙara da Lissafi. A nan ne ɗalibai da dama kan yi tuntuɓe, domin akwai makarantun da ba su da malamin Adabin Turanci, sai yaro ya gama bai taɓa zama ajinsa ba. Wanda kuma ke son ɓangaren Shari'ar Musulunci, lalle ne ya riƙi Larabci ko Ilmin Addinin Musulunci da muhimmanci. Ga wanda bai sami shiga ta jarrabawa ba, akwai hanyar difiloma, kamar wadda ake yi a Kwalejin Aminu Kano ta Nazarin Shari'a da Addinin Musulunci. Sai dai difiloma tsani ce kawai, kuma ba kowace jami'a ke karɓar kowace difiloma ba.

Zaɓen Kwas

Dokokin ƙasar nan sun samo asali ne daga tushe uku: dokar Ingilishi da aka gada daga Turawa, da Shari'ar Musulunci, da dokokin gargajiya. Saboda haka tsarin kwas ya bambanta daga jami'a zuwa jami'a. Alal misali, Jami'ar Ahmadu Bello, wadda tsangayarta ta lauya ke Kongo a Zariya, ta ware kwas ga mai son dokar zamani, da wani ga mai son ƙwarewa a Shari'ar Musulunci. Jami'ar Bayero kuwa ta gwama su biyun a digiri ɗaya.

Wannan zaɓi yana da tasiri a gaba. Tsarin Mulkin 1999 ya shar'anta cewa lauyan da za a naɗa alƙali a Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'ar Musulunci sai ya shekara 10 da zama lauya, sannan yana da takardar shaidar ilmin Shari'a da aka amince da ita. Har ila yau ya tanadi cewa a Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Tarayya a sami aƙalla alƙalai 3 masana dokokin Musulunci na aure da gado da makamantansu. Ke nan wanda ya haɗa ilmin biyu ƙofofinsa sun fi yawa, ko da yake nauyin karatunsa ma ya fi yawa.

Zaɓen Jami'a

Abu mafi muhimmanci a nan shi ne amincewar hukumomi biyu: Hukumar Kula da Jami'o'i ta Ƙasa, da Majalisar Kula da Ilmin Aikin Lauya. Ita Majalisar takan ƙayyade wa kowace tsangaya yawan ɗaliban da za ta ɗauka, gwargwadon malamai da littattafai da ɗakunan karatun da take da su. Idan jami'a ta zarce adadinta, ɗalibanta ne ke ɗanɗana kuɗarsu, domin sukan gama digiri su zauna shekaru suna jiran gurbi a Makarantar Horar da Lauyoyi. A watan Janairun 2025 hukumar JAMB ta ba da sanarwar dakatar da ɗaukar ɗaliban lauya a jami'o'i 8, bisa hukuncin wannan Majalisa. Haka kuma waɗanda suka yi digirin a Jami'ar Karatu Daga Gida sun shafe shekaru ana taƙaddama a kan shigarsu makarantar.

Abu na biyu shi ne tsarin rabon gurabe a jami'o'in tarayya: kashi 45 cikin ɗari bisa cancanta, kashi 35 ga jihohin da ke yankin jami'ar, kashi 20 kuma ga jihohin da aka bari a baya a ilmin zamani. Don haka ɗalibi mai matsakaicin maki ya fi kusa da samun gurbi a jami'ar yankinsa. Na uku shi ne kuɗi, domin bayan shekara 5 akwai ɗawainiyar makarantar horarwa, wadda ba ƙarama ba ce.

Kammalawa

Daga abin da ya gabata za a ga cewa kyawun gini ko ƙaurin sunan jami'a ba su ne ma'auni ba. Wajibi ne ɗalibi da iyayensa su bincika ko an amince da tsangayar, nawa aka ƙayyade mata, nawa kuma take ɗauka, sannan su dubi irin kwas ɗin da take koyarwa. Tambayar yini guda tana iya kare mutum daga asarar shekara 5, kuma an ce matambayi ba ya ɓata.