Daga Tudun Adamawa: Dutse Ne Ke Raba Wa Ƙwarin Rafi Mazauni

Duk wanda ya bi hanyar Ngaundere zuwa Garwa ya san gangaren nan da direbobi ke shakka. Mu da muke yawon ɗaukar shiri a ƙauyuka mun lura ba hanya kaɗai ke sauyawa a wurin ba, har ƙananan halittun da ke cikin ruwa da cututtukan da suke jawowa.

Masana ƙasa sun ce tudun Adamawa ya taso ne shekaru miliyoyi da suka wuce, lokacin da ƙasa ta kumbura, duwatsu suka yi aman wuta. Yana cikin jerin da ya haɗa da Dutsen Kamaru, wanda ya yi aman wuta a 1999 da 2000. Ngaundere tana bisa tsayin mita 1,100 ko kusa da haka, Cabbal Mbabo kuma ya haura mita 2,400.

Wannan tudu shi ke raba ruwa. Binuwai ta bi ta Garwa ta haɗu da Kwara a Lokoja. Vina ta arewa da Mbere suka nufi Logon zuwa Tafkin Cadi. Jerem kuma ta faɗa Sanaga zuwa teku. Ƙaguwar rafi ba ta tashi, kuma ƴaƴanta ba sa bin ruwa zuwa nesa, a jikin uwa suke ƙyanƙyashewa. Saboda haka in dutse ya shiga tsakanin rafi biyu, ƙaguwar kowane ɓangare sai ta daɗe ita kaɗai har ta zama iri dabam. Shi ya sa Kamaru take da ƙaguwoyin da babu su a wata ƙasa.

To ina ruwan talaka da wannan? Inda ruwa ke gangarowa da ƙarfi yana dukan duwatsu, iska na shiga cikinsa sosai. Nan tsutsar baƙin ƙuda take maƙalewa jikin dutse da ganye tana tace abinci. In ta girma, macen ita ke cizo tana yaɗa makantar rafi. Kwarin Vina wajen Tuboro ya yi ƙaurin suna da wannan cuta, ga ƙasar noma mai kyau amma mutane na tsoronta.

Da ruwa ya sauka fili ya lafa, sai dodon koɗi ya samu gida. Shi ne ke ɗauke da ƙwayar tsargiya, mai sa yara fitsarin jini. Kududdufai da hanyoyin ban ruwa, irin na madatsar Lagdo da aka gama a 1982, sun dace da shi.

Sanin mazaunin ƙwaro shi ne rabin yaƙi. Daga 1974 zuwa 2002 an yi ta fesa magani ta jirgin sama a wuraren gudun ruwa a Afirka ta Yamma, tun 1987 kuma ake ba da Mectizan kyauta. A Janairun 2025 Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar Nijar ta rabu da makantar rafi, ita ce ta farko a Afirka.

Kiranmu ga mutanen bakin rafi, in masu rabon magani sun zo a karɓa kowace shekara, domin uwar tsutsar tana kai shekara 10 zuwa 15 a jikin mutum. Yaron da aka ga jini a fitsarinsa kuma a kai shi asibiti, kada a ce alamar balaga ce. Allah Ya ba mu lafiya.