Yadda Jeff Newman ya mayar da jita mai feda abin koyo a aji

Duk wanda ya taɓa sauraron kiɗan kantiri, wato kiɗan mutanen karkara na kudancin Amurka, ya ji wani amo mai kama da kukan mutum yana tashi yana sauka a bayan muryar mawaƙi.

Wannan amo na wata irin jita ce mai feda, wadda Turawa ke kira pedal steel. Ba a rungumarta kamar sauran jita. A girke take bisa ƙafafu huɗu kamar tebur, makaɗin yana zaune a gabanta.

Makaɗa da yawa na ɗaukarta a matsayin ɗaya daga cikin kayan kiɗa mafiya wuyar koyo, kuma dalilin ba ɓoyayye ba ne. Hannun hagu yana jan wata sandar ƙarfe mai santsi a kan tsirkiyoyi, na dama kuma yana kaɗa su da faratan roba da na ƙarfe da ake sanyawa a yatsu uku. Ƙafar hagu tana taka fedoji, ta dama tana ƙara sauti ko rage shi, sannan gwiwoyi biyu suna ture wasu ƙarafa da ke rataye a ƙarƙashi.

Sandar ba ta da wurin tsayawa. Akwai layuka a zane don ido, amma kamar mai goge, kunnen makaɗin ne ke tabbatar masa ya sauka daidai.

Asalin wahalar

Tushen wannan jita tsibirin Hawai ne, inda ake danganta salon jan ƙarfe a kan tsirkiya ga Joseph Kekuku a ƙarshen ƙarni na 19.

Sauyin da ya haifar da amon da aka sani yanzu ya zo ne da waƙar Slowly ta Webb Pierce, wadda ta yi tashe a 1954. A cikinta makaɗi Bud Isaacs ya taka feda a daidai lokacin da tsirkiyoyi ke ƙara, sai sautin ya lanƙwashe a kunnen mai sauraro.

Makaɗa suka yi ca a kai, kowa na neman yadda aka yi. Wasu har da wayar rataye tufafi da totur na mota suka harhaɗa a jikin tsofaffin jitocinsu.

Daga nan Buddy Emmons ya raba aikin fedar Isaacs gida biyu. Shi ma Jimmy Day ya yi haka, amma ya jera nasa fedojin a juye. Har yau tsarin biyu na nan, kuma wanda ya saba da ɗaya zai yi ta tuntuɓe idan aka zaunar da shi a kan ɗayan.

Ga kuma babbar matsala ga ɗalibi: rabin aikin yana ƙarƙashin jitar. Ko mutum ya kwana yana kallon hannuwan gwani, ba zai ga abin da gwiwarsa ke yi ba. Littattafan koyo ma ba su da yawa. Ɗaya daga cikin waɗanda suka yi suna shi ne na Winnie Winston da Bill Keith, wanda ya fito a 1975.

Makarantar Jeffran

A cikin wannan yanayi ne Jeff Newman, wanda shi kansa makaɗi ne da ya yi aiki a birnin Nashville, ya mayar da hankalinsa kacokan ga koyarwa.

Ya kafa makarantar Jeffran College a jihar Tennessee, inda ɗalibai kan zo da jitocinsu su yi kwanaki suna ɗaukar darasi. Ya kuma riƙa zagaya garuruwa yana shirya bita, yana aika darussa a faifai da kaset, daga baya kuma a bidiyo, ga waɗanda ba za su iya zuwa ba.

Abin da ya bambanta shi da sauran gwanaye shi ne tsari. Gwani kan iya kiɗa ba tare da ya iya faɗin yadda yake yi ba. Shi Newman ya warware aikin ne gaɓa-gaɓa, ya sa kowace gaɓa a inda ya dace.

Misali, a jita mai tsirkiya goma da aka ɗaure a tsarin da ake kira E9, feda ta farko tana ɗaga tsirkiya ta 5 da ta 10, ta biyu kuma tana ɗaga ta 3 da ta 6. Idan aka taka su tare, haɗin sautin yakan koma wani dabam ba tare da sandar ta motsa ba. Ɗalibin da ya gane wannan, ya kuma san inda irin wannan haɗi ke sake bayyana a tsawon jitar, zai iya raka waƙoƙi masu yawa tun bai yi nisa ba.

Inda ya fi matsa wa ɗalibai shi ne hannun dama, har ya ware masa darasi guda mai suna Right Hand Alpha. Tsirkiyar wannan jita ba ta saurin yin shiru, don haka idan ba a kashe sautin farko ba kafin a kaɗa na biyu, sai kiɗan ya cakuɗe. Newman ya koyar da yin hakan da gefen tafin hannu. Aiki ne mai gundura, na maimaici, kuma galibi shi ne ke raba ɗalibin da zai yi kiɗa da jama'a da wanda zai ƙare a ɗaki shi kaɗai.

Ba duk makaɗa ne ke bin wannan hanya ba. Paul Franklin, wanda ya yi kiɗa da ƙungiyar Dire Straits, ya yi suna ne wajen kashe sautin da faratan da ke yatsunsa. Akwai kuma majami'un baƙar fata na House of God, inda matasa irin su Robert Randolph suka koya ta hanyar zama kusa da manya, da salo nasu na daban.

Ita ma Najeriya ta san wannan amo. Demola Adepoju ya kaɗa jita mai feda a ƙungiyar King Sunny Ade, sannan ya fito a kundin Graceland na Paul Simon a 1986.

Bayan rasuwarsa

Newman ya rasu a watan Afrilun 2004, sakamakon haɗarin wani ƙaramin jirgin sama da yake tuƙawa a Tennessee. Buddy Emmons kuma ya rasu a 2015.

A yau ɗalibi na iya samun darasi ta intanet, ciki har da na Paul Franklin, ya tsayar da bidiyo ya maimaita yadda ya ga dama. Sai dai bidiyo ba ya ganin hannun ɗalibi balle ya gyara masa, kuma sabuwar jita ta ƙwararru na cin dubban daloli, ga shi a garuruwa da dama da wuya a sami ko malami ɗaya da za a zauna a gabansa.