CIWON TOSHEWAR JIJIYOYIN JINI NA ƘAFA

Sau da yawa akan ga dattijo ya kama hanyar kasuwa, bai yi nisa ba sai ya tsaya, sha-raɓarsa na ciwo kamar an ɗaure ta da igiya. In ya huta kaɗan ciwon ya lafa, in ya sake takawa ya dawo. Mutane sukan ce sanyi ne ko tsufa. Amma galibi jini ne ba ya isa ƙafa, domin kitse ya taru cikin jijiyoyin da ke kai shi, hanya ta ƙuntata.

Masana sun ƙiyasta a shekarar 2010 mutane fiye da miliyan 200 ke da wannan ciwo a duniya, akasarinsu kuwa a ƙasashe masu tasowa. Babban mai kawo shi shi ne shan taba. Sai ciwon sukari, hauhawar jini, yawan kitse cikin jini, ciwon ƙoda, da kuma yawan shekaru.

Wani likitan Faransa, René Fontaine, ya kasa ciwon mataki 4 a shekarar 1954. Da fari babu alama. Na biyu, ciwo in ana tafiya. Na uku, ciwo ko mutum na kwance, musamman da dare. Na huɗu, miki da ba ya warkewa, ko yatsa ya yi baƙi ya ruɓe, abin da kan kai ga yanke ƙafa. Kuma tun da toshewar ba ta tsayawa ga ƙafa kaɗai, mai ciwon na cikin haɗarin bugun zuciya da shanyewar ɓarin jiki.

A likita akan gwada ƙarfin jini a idon sawu da na damtse. In na sawu ya kasa kashi 90 cikin 100 na damtse, alama ce ta toshewa.

Magani na farko shi ne barin taba ɗungum. Na biyu tafiya: minti 30 zuwa 45, aƙalla sau 3 a mako, har wata 3, in ciwo ya tsananta a huta, sannan a ci gaba. Likita kan ba da asfirin ko kilofidogirel don hana jini daskarewa, da sitatin mai rage kitse, da maganin sukari da na hauhawar jini. In abin ya faskara, akan buɗe jijiyar da siririn bututu, aikin da Charles Dotter ya fara a Amurka a 1964, ko a yi wa jini sabuwar hanya da fiɗa.

Mai ciwon sukari ya riƙa duba ƙafafunsa kullum, kada ya taka ƙasa ba takalmi, kada ya kara su ga wuta lokacin ɗari, kada kuma ya bari a yi musu tsaga. Wanda ya ga miki ya ƙi warkewa, ya tafi likita ba da jinkiri ba. Allah shi ba mu lafiya, amin.