Babi na Bakwai: Addini da Dukan Mata

Babu abin da ke ƙona mini rai irin namiji ya kumbura wa matarsa fuska, sannan ya ce addini ne ya ba shi dama. Wane addinin? Nana A'isha ta shaida cewa Manzon Allah (SAW) bai taɓa dukan mace ba, bai taɓa dukan mai yi masa hidima ba. Maganar tana nan cikin Sahihu Muslim.

Labarin da nake so kowane uba ya haddace shi ne na Faɗima 'yar Ƙaisu. Da ta gama idda, Mu'awiya da Abu Jahm suka fito neman aurenta, sai ta je wurin Annabi neman shawara. Ya nuna mata cewa Mu'awiya ba shi da abin hannu, Abu Jahm kuwa mai dukan mata ne, ya ce ta auri Usama ɗan Zaidu. A lura da kyau. Abu Jahm sahabi ne, mai salla da azumi, amma saurin hannunsa kaɗai ya raba shi da matar. Mu kuwa idan muna binciken aure, asali da sana'a muke tambaya, ba mai tambayar abin da ya fitar da uwargidansa ta farko.

Masu duka suna fakewa da aya ta 34 ta Suratun Nisa'i. Malamai sun daɗe da ɗaure ta da sharuɗɗa: Ibnu Abbas ya kwatanta dukan da na asuwaki, Aɗa'u ya ce a bar shi ɗungurungum. A mazhabar Malikiyya da kotunanmu ke bi, alƙali na iya raba aure saboda cutarwa ba tare da mace ta mayar da sadaki ba. Sashe na 55 na kundin Penal Code na Arewa, wanda ya ba miji damar ladabtar da matarsa, dokar gwamnati ce ta 1960, ba wahayi ba.

Inda aka fi cutar mata shi ne bayan dukan. Ta yi yaji, jiki duk shatar bulala, uwa ta ce, "Ki yi haƙuri, 'yar nan, aure ibada ne," a tasa ƙeyarta ta koma kafin magariba. A wasu coci-coci ma haka ake yi, a ce ta dage da addu'a.

Iyaye da limamai, idan mace ta kawo kukan duka, a kira mijin a tuhume shi. In bai daina ba, a raka ta gaban alƙali.